Buhu Biyu a Kujerar Glenys

Roy Maltby mijin yayata Glenys ne, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya yi wa mutum tambaya kai tsaye ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana rabon wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da Spalding, a kan jan keke, cikin ruwa da iska. Ya san wanda ɗansa ke gidan yari, ya san wadda wasiƙa mai ƙamshin turare ke zuwar mata duk Talata, amma bai taɓa buɗe baki ya ce wa kowa "yaya aka yi" ba. In ya ɓata hanya, gara ya kewaya gari sau uku da ya tsayar da mai wucewa. Ko auren ma Glenys ce ta yi maganar. Da ta gaji da jira, wata Asabar a bakin shagon kifi da soyayyen dankali ta ce masa, "Roy, ranar sha biyu ga watan gobe babu kowa a coci." Ya ce, "To." Haka aka yi aure.

Shi ɗan tsurut ne, in iska ta taso daga gonaki sai ya riƙe shinge. Glenys kuwa Allah ya yi mata jiki, irin gidanmu ne, dukkanmu haka muke. Ita ke gasa kek ɗin tuffa na kowane taron coci, kuma ba ta kai wa jama'a abin da ba ta ɗanɗana ba.

Shekarar da Roy ya ajiye aiki, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidansu ta sauke kwalaye goma sha ɗaya da wani ƙarfe mai kama da gadon asibiti. Mota ce ya saya, irin wadda mutum ke haɗawa da hannunsa a gareji, ya ciro inji daga wata matacciyar mota ya ɗora mata. Ba rufi, ba ƙofa, kujera biyu, kuma in ka zauna a ciki kana iya miƙa hannu ka shafa kwalta. Glenys ta fito da ludayi a hannu, ta kewaya kayan sau ɗaya.

"Bahon wanka ka sayo mana da taya?" in ji ta. "To ka ji da kyau. Ranar da ka gan ni a cikin wannan abin, gawata aka ɗauko."

Roy ya ce, "To."

Amma ni da nake shiga garejin na ga abin da ya fara haɗawa. Tun babu taya, tun babu inji, kujerar hagu, wadda ita ce ta fasinja a wurinmu, ya gama. Ya rufe ta da shuɗin yadi irin launin da Glenys ke so, ya maƙala ɗan ƙugiya a gefe daidai inda jakar hannunta za ta rataya. Wata rana kansa na ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai nake gani, ya ce min bayan aurensu a bas suka je bakin teku a Skegness, a tsaye, saboda babu wurin zama. Yana so ya kai ta a motar da ya yi da hannunsa. Ni ya gaya wa, ita bai gaya mata ba, kuma sau ɗaya ya faɗa a shekara bakwai.

Shekara bakwai, na rantse. Akwai lokacin da in ka taka burki sai hon ya yi kuka. Akwai lokacin da ya gama ɗaure inji tsaf, sannan ya tarar da wani zoben roba a aljihunsa, ya kwance komai daga farko. Sau uku aka ɗora motar a tirela aka kai ta wurin masu binciken gwamnati kafin su ba ta lamba. A ƙarshe aiki ɗaya ya rage, wato daidaita tsayinta daga ƙasa. Layinsu ba shi da mafita sai ɗaya, kuma a bakin mafitar hukuma ta gina tudun nan na rage gudu. Wata Lahadi da safe Roy ya je ya durƙusa a gabansa da tef ɗin awo, har matar Tointon mai gidan kusurwa ta ɗauka addu'a yake yi. Inci huɗu ya samu.

Duk mai hankali zai ɗaga motarsa inci shida ya huta. Amma 'yan ƙungiyar masu haɗa mota, waɗanda Roy ke zama da su duk farkon wata, sun ce motar da ta wuce inci huɗu da rabi tarakta ce. Saboda haka Roy ya yanke inci huɗu da kaurin yatsa ɗaya.

Aikin yana da ƙa'idarsa, kuma mutanen nan sun riƙe ta kamar ibada. Sai daɓe ya zama a miƙe, taya ta sha iska daidai, tanki rabi. A jikin kowace shokazoba, wato abin da ke shanye gargada a bayan taya, akwai zobe da ke tallafe da sifirin, in ka murɗa shi sama motar ta ɗaga, in ka murɗa ƙasa ta sauka. Ka murɗa, ka danna kowane kusurwa ta yi tsalle, ka tura ta gaba ka dawo da ita, sannan ka kwanta rub da ciki ka auna. Ka gyara kusurwa ɗaya, sauran ukun su lalace. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce ba a auna mota wayam. Dole a ɗora wa kowace kujera nauyin wanda zai zauna a kanta.

A ƙasarmu in aka ce nauyi, dankali ake nufi. Ni a gonar dankali na ƙare ƙuruciyata, sai na kawo masa buhu bakwai, kowanne kilo ashirin da biyar. Kujerar direba ba ta ba mu wahala ba, Roy buhu biyu da rabi ne, har da takalmi. Na juya wajen shuɗiyar kujera.

"Nan fa, nawa?"

Ya ɗaga kai yana kallon rufin gareji kamar yau ya fara ganinsa. "Wilf, ai kai ƙaninta ne."

"Ƙaninta ne ni, ba sikelinta ba. Kai da ka shekara talatin da takwas ɗaki ɗaya da mace? Ga ta can a kicin, taku goma. Je ka tambaya."

"Ba a yi wa mace wannan tambayar."

A nan kam yana da gaskiya. A wurinmu kana iya tambayar mace wa ta zaɓa, kana iya tambayarta me ya kashe ubanta, amma ka tambaye ta kilo nawa ce, to ka nemi inda za ka ci abinci. Ni kaina da nake cika baki, da an ce in je, da na tuna ina da wani uzuri.

Sai Roy ya koma dabara. Ya ɗauko sikelin banɗaki ya ɓoye ƙarƙashin dardumar goge ƙafa a ƙofar kicin, ya huda ɗan rami daidai inda lamba ke fitowa, ya zauna kusa yana goge takalmin da ba ya buƙatar gogewa. Glenys ta ga darduma ta kumbura, ta tsallake ta. Kwana biyu tana tsallakewa. Rana ta uku fasto ya zo karɓar kek, ya tsaya a kai yana gaisuwa, shi ya sa har yau ni da Roy mun san fasto kilo ɗari da uku ne.

Dabara ta biyu tawa ce, ba zan ɗora masa ba. A gonar da na yi aiki akwai babban sikelin da ake auna manyan motoci. Na shirya da mai gadin wurin, Roy ya bi ta kai da motar gida shi kaɗai da safe, ya sake bi da yamma tare da Glenys, wai hanyar ta fi kusa. A cire wannan daga wancan, magana ta ƙare. Mai gadi ya miƙo min takarda, na duba, na sake dubawa. Kilo ɗari da tamanin. Roy ya yi fari fat, ya nemi dutse ya zauna. Sai da muka koma gida muka buɗe but, muka tarar da keken ɗinkin ƙawarta da buhun taki biyu da ta saya a hanya.

Ta uku ban so in ba da labarinta, amma tunda na fara. Glenys na wanke-wanke, Roy ya zo ta baya ya rungume ta, ya yunƙura zai ɗaga. Ko dunduniyarta ba ta motsa ba. Abin da ya motsa bayansa ne.

"Roy Maltby, ka sha wani abu ne?" in ji ta, tana kallonsa a ƙasa. "Da rana tsaka? A shekarunka?"

Kwana uku ya yi a kwance da kwalbar ruwan zafi.

Da ya miƙe muka koma gareji, na ce masa, "Ka ga, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Buhu huɗu ne, a rage 'yan ƙwayoyi."

"Biyu," in ji Roy.

"Biyu? Biyu fa ka ce? Kai, jakar hannunta kaɗai rabin buhu ce!"

"In ta leƙo ta ga huɗu a kujerarta fa?"

"In ta zauna motar ta kwanta fa?"

Roy ya ɗauki buhu ɗaya yana nishi ya ajiye, ya ɗora na biyu a kai, ya jawo bel ya ɗaure su a hankali kamar masu jin ciwo. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da na ɗauke ta na shigo da ita gidan nan, buhu biyu ce."

Na so in kwaɗa masa sifana a ka. Amma sai na fita waje na yi kamar ina duba tayar kekena. Wauta ce tsagwaronta, kuma ban taɓa ganin wautar da ta ba ni tausayi kamarta ba.

Sati shida muka yi muna awo. Mu murɗa, mu danna, mu tura, mu kwanta, mu tashi. A sati na uku muka gano daɓen garejin ya karkata zuwa ƙofa don ruwa ya riƙa fita, duk awon da muka yi ya tashi a banza, muka shimfiɗa katako muka sake. Dankalin ya fara tsiro, buhunan kujerar Glenys suka fito da 'yan fararen ƙahonni ta saƙar buhu.

A cikin makonnin nan ne kuma gidan ya canza. Glenys ta daina cin kek. Tana gasawa, ta yanka mana, ita ta zauna da shayi ba sukari da ganyen latas a faranti, tana tauna shi kamar ya zage ta. Da sassafe a gan ta tana tafiya a bakin magudanar ruwa, hannu na lilo, fuska a murtuke. Kyanwa ta bar gidan ta koma maƙwabta. Roy ya ce min a ɓoye, "Fushi take yi da motar, Wilf. Ba za ta shiga ba." Na ce ya tambaye ta mana ko ba ta da lafiya. Ya ce bari dai ya ga yadda za ta kasance.

Asabar ta farko a watan Agusta awo ya cika, inci huɗu da yatsa a ko'ina. Muka sauke dankali, Roy ya goge shuɗiyar kujera da tsumma, ya fito da mota ya tsayar a ƙofar gida. Ya sa hular fata mai rufe kunne, ya zauna, inji na ruri. Bai ce wa Glenys ta zo ba. Zama kawai ya yi yana kallon gaba, minti goma cur, ni kuma ina jingine da shinge ina jin kamar in shiga in ɗauko ta da kaina, in da zan iya.

Sai ƙofa ta buɗe. Ga Glenys da ɗankwali ɗaure a haɓa, baƙin tabarau, jaka a hannu ɗaya, kwandon abinci a ɗayan.

"Ka zauna kana ƙona mai," in ji ta. "Ta ina ake shiga wannan abin?"

Ni na riƙe mata kwando, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka, ta dafa kafaɗata, ta sauka cikin kujera a hankali. Motar ta yi wani ɗan ƙara ƙiii, ta karkata hagu kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Na dubi Roy, Roy ya dubi gaba. Glenys ta rataye jakarta a ƙugiya ba tare da ta nema ba, na ɗora mata kwando a cinya.

Kafin su kai rabin layi kowa ya fito. Shekara bakwai mutane na jin bugun guduma, yau ga abin ya fito, kuma ga Glenys a ciki da ranta. Har da masu tafi. Roy ya rage gudu, tayoyin gaba suka hau tudu suka sauka lafiya. Sai muka ji ƙuuurrr, dogo, mai sa haƙori tsami. Motar ta zauna daram a kan tudun, cikinta a ƙasa, tayar baya ta dama na juyawa ita kaɗai tana hayaƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tointon, wanda bakinsa ba ya jiran kansa, ya ɗaga murya daga bakin ƙofarsa. "Roy, lodi ya yi yawa! A sauke kaya!"

Matarsa ta zungure shi, amma magana ta riga ta fita. Wani kuma mai son taimako ya ce, "Da uwargida za ta ɗan sauka, ai da kanta za ta tashi." Kowa ya san gaskiya ne, kuma kowa ya san in ta sauka motar ta ɗaga a gaban jama'a, Glenys ba za ta sake kallon inda take ba har abada.

Na ruga na isa gefenta. Wuyanta ya yi ja har cikin ɗankwali. Ba ta dube ni ba, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Sati shida, Wilf. Ba kek, ba sukari, ba man shanu. Ganye kamar zomo. Kilo huɗu kacal."

"Au, kin gani?"

"Tagar kicin tana kallon gareji, sakarai. Buhu biyu, har da bel." Ta ja hanci. "Na ce bari in gwada, kada in mayar da shi maƙaryaci."

Roy na jin komai. Ya kashe inji. "Laifin tudun ne," in ji shi da wata siririyar murya. "Hukuma ta ƙara masa tsayi. Zan rubuta musu. Ko kuma ni ne, kwanan nan na yi ƙiba."

"Kai ɗin? Rufe min baki."

"Mu koma gida, Glenys. Akwai bas ɗin Skegness ƙarfe sha ɗaya."

Ta cire tabarau ta dube shi. Na san wannan kallon tun ina yaro, shi ne na ƙarshe kafin a ji mari, sai dai yau idon ya cika da ruwa. "Na hau bas a tsaye sau ɗaya, ya ishe ni," in ji ta. "Ba inda zan sauka. Wilf, je ka ɗauko jak da sifanar nan mai ƙugiya. Kai kuma Tointon, tunda kana da bakin magana, zo ka riƙe musu taya."

Haka aka yi awon a tsakiyar titi, motar madara na jira a baya. Muka kafa jak, muka ɗaga gefen hagu da Glenys a ciki, tana zaune a karkace kamar sarauniya a jirgin ruwa. Roy ya kwanta a kwalta da hularsa ta fata, ya kama zoben baya.

"Duk wanda na ji yana ƙirga murɗin nan," in ji Glenys da ƙarfi don layi ya ji, "kada ya sake miƙo faranti a taron coci."

Nan take kowa ya sami abin kallo a sama. Roy ya murɗa, muka sauke, muka danna ta yi tsalle, Glenys na tsalle tare da ita, ɗankwali na rawa. Har yanzu ciki na taɓa tudu. Muka sake ɗagawa. Ita kuwa ta buɗe kwando, ta zaro kek ɗin tuffa, ta yanki wani yanki da ya kai tafin hannuna, ta kai baki, ta lumshe ido. Ta daɗe tana tauna.

"Ka ƙara saboda wannan ma," in ji ta da baki cike.

Daga ƙarƙashin mota na ji wani sauti, ban san dariya ce ko kuka ba. Na leƙa. Roy na kwance, fuska duk baƙin mai, hawaye na gangara cikin kunnen hula, sifana a hannu, ya kasa murɗawa. Glenys ta sunkuyo ta gefen mota har ta hango shi.

"Murɗa, Roy," in ji ta a hankali. "Murɗa har sai ta ɗauke ni duka. Babu abin da zan bari a gida."

Ya murɗa. A karo na huɗu muka sauke jak, na kwanta na leƙa, ga haske tsakanin ƙarfe da tudu. Tsayinta yanzu 'yan ƙungiya za su kira shi na tarakta. Roy ya shiga, ya tayar da inji, tayoyin baya suka hau suka sauka ba ko ƙis. Bai ɗaga wa kowa hannu ba, hannu ɗaya na kan sitiyari, ɗayan Glenys ta riƙe, shi ya sa bai iya canza giya ba, har suka sha kwana motar na giya ta ɗaya tana kururuwa.